Sharhi: ɗakin katako mai fanka a tsibirin Perhentian Kecil

Perhentian Kecil ƙaramin tsibiri ne a jihar Terengganu ta Malesiya, kusan kilomita 20 daga gaɓar teku. Babu titin mota a cikinsa, duk inda za ka sai a ƙafa ko a kwale-kwale. Masaukin da na sauka irin na masu ƙaramin ƙarfi ne: ɗakin katako a kan ginshiƙai, da fanka ɗaya, da gidan sauro, da banɗaki a ciki, a ɓangaren da ake kira Coral Bay. A ganina ya ci kuɗinsa, amma ga wanda ya zo da shiri. Wanda ya dubi farashin ɗaki kaɗai ya yi lissafi a kansa, zai ga kuɗinsa sun zurare ta wajen kwale-kwale da abinci da ruwan sha.

Hanyar da ta fi araha ita ce bas ɗin dare daga tashar TBS a Kuala Lumpur zuwa garin Kuala Besut, tafiyar awa 8 zuwa 9, ka isa da asuba. Mai gaggawa sai ya hau jirgin sama zuwa Kota Bharu, daga nan kamar awa ɗaya ce a mota. A Kuala Besut ake sayen tikitin jirgin ruwa, zuwa da dawowa a haɗe, sannan a biya kuɗin gandun teku, wato yankin tekun da doka ta kare. Lokacin da na je, tikitin wajen ringit (kuɗin Malesiya) 70 ne, kuɗin gandun kuma ringit 30 ga baƙo ɗan ƙasar waje. Farashi na motsawa, don haka a tambaya kafin a taso. Ka adana rabin tikitin na dawowa a cikin leda, domin takarda ce kawai, kuma ruwa na cinye ta.

Tsallakawar minti 30 zuwa 45 ce. Jirgin na gudu sosai, yana dukan ruwa, kuma wanda ya zauna a gaba shi ya fi shan jijjiga. Mai ciwon baya ya nemi kujerar baya kusa da inji. Ka sa rigar ceto ka ɗaure ta da kyau ko da ka ga wasu sun rataya tasu a wuya kawai. Jakarka za ta jiƙe da feshin ruwan gishiri, saboda haka fasfo da waya da caja su shiga leda biyu tun daga tasha. Direba zai tambayi sunan masaukinka ko bakin ruwan da za ka sauka, ka riƙe sunan a baki.

Abu mafi muhimmanci shi ne kuɗi a hannu. Kada ka dogara da samun na'urar ATM a tsibirin. Ka ciro abin da zai ishe ka tun daga Kuala Lumpur ko Kota Bharu ko garin Jerteh, ka ƙara na kwana biyu a kai saboda ranar da teku zai hana jirgi tashi. Wasu masaukai da shagunan nutso suna karɓar kati, amma sukan ɗora wani kaso, ƙananan gidajen abinci da masu kwale-kwale kuwa tsabar kuɗi suke so.

Ɗakin kansa ba shi da wani ƙyale-ƙyale, kuma ba a yi alkawarinsa ba. Katifa tana da ɗan laushi, zanen gado wankakke ne, ruwan wanka na sanyi ne, wanda a wannan zafin shi ake so. Banɗakin yana da tiyon tsarki, abin da zai yi wa musulmi daɗi. Soket ɗin mai baki uku ne irin na Najeriya, don haka cajarka za ta shiga ba tare da adafta ba. Matsalar ita ce guda ɗaya ne tak, kuma a bayan gado, sai ka zo da ƙaramin ekstenshin.

Wuta ce ke raba ɗaki mai daɗi da ɗakin azaba. Da yawa daga masaukan araha janareta suke kunnawa, wasu daga magariba zuwa safiya kawai. Da rana rufin ya ɗauki zafi, katako ya riƙe shi, in babu fanka ba za ka iya minti goma a ciki ba bayan azahar. Kafin ka biya, tambayi awannin wuta, sannan ka dubi inda janaretan yake. Ɗakin da ke jikinsa ya fi arha, amma ƙara da hayaƙin dizal za su kwana da kai. Ka nemi a buɗe maka ɗakin tukuna. Ɗaga katifa ka duba ɗinkin gefenta: ɗigo-ɗigon baƙi alamar kuɗin cizo ce. Ware gidan sauron ka haska shi da tocila, rami ɗaya ya isa ya hana ka barci, kuma akwai zazzaɓin dengi a ƙasar, wanda sauron da ke kawo shi da rana yake cizo. Buɗe famfo ka ga ƙarfin ruwa da launinsa, domin a tsakiyar rani yakan ragu, wani lokaci har da ɗanɗanon gishiri. Makullin ƙofa sau da yawa ƙaramin kwaɗo ne da kowa zai iya ɓallewa, gara ka zo da naka. Kada kuma ka bar waya ko jaka a kan yashi ka shiga ruwa.

Laima na da yawa ƙwarai. Kayan da aka shanya a cikin ɗaki ba sa bushewa, sai dai su yi wari, a shanya su a baranda da hantsi. Biskit ko burodi da aka bari a buɗe, kafin awa ɗaya tururuwa sun rufe shi. Za ka kuma ga guza, manya-manya, suna yawo ƙarƙashin ɗakuna da bayan kicin. Ba su kula mutum in bai tsokane su ba.

Zaɓen bakin ruwa ya fi zaɓen ɗaki muhimmanci. Long Beach yana fuskantar gabas, yashinsa fari ne mai faɗi, nan ne matasan Turawa suka fi taruwa, akwai kiɗa da giya har tsakar dare, kuma a farko da ƙarshen kakar yawon buɗe ido igiyar ruwansa tana da ƙarfi, tana iya jan wanda bai ƙware ba. Coral Bay yana fuskantar yamma, ya fi natsuwa, ruwansa ya fi kwanciya, sai dai gaɓar tana da ɓaraguzan murjani masu yanka ƙafa, a sa takalmin roba. Tsakaninsu tafiyar minti 10 zuwa 15 ce ta cikin kurmi, da dare sai da tocila. Na fi ba mai neman hutu shawarar Coral Bay.

Mai iyali ko wanda ke son samun sallar jam'i ya duba ƙauyen masunta da ke kudu maso gabashin tsibirin. Can ne babban masallaci yake a bakin ruwa, da ƙaramin asibiti, da makaranta, da ofishin 'yan sanda, kuma mutanen ƙauyen na ba da hayar ɗakuna. Daga Coral Bay zuwa Juma'a sai kwale-kwale, ko tafiyar fiye da awa ɗaya a ƙafa ta gefen teku. Azahar a can tana shiga ne wajen ƙarfe ɗaya, magariba wajen bakwai, alƙibla kuma tana yamma da ɗan karkata arewa, kada sabo ya sa ka fuskanci gabas. Juma'a da Asabar ne hutun mako a Terengganu, ɗakuna sukan cika a waɗannan kwanaki.

Abinci bai ba ni damuwa ba, domin yawancin masu dafawa Malayawa ne musulmi. Soyayyar shinkafa da suke kira nasi goreng, da taliya, da roti canai (wani siririn burodi da ake toyawa a tanda) da shayin madara da safe, su ne abincin mai tattali. Gasasshen kifi na dare yana da daɗi amma ya ninka farashi. Kusan komai jirgi ne ke kawo shi daga Kuala Besut, shi ya sa ya fi na gari tsada. Ruwan famfo ba na sha ba ne. Sayi babbar gora ɗaya ka riƙa cikawa a shagunan da ke sayar da tataccen ruwa, ya fi sayen sabuwa kullum sauƙi. Garin ƙwaki, sukari, gyaɗa da dabino a jaka suna rage kashe kuɗi sosai.

Kwale-kwalen haya kuwa kowane mutum ake caja, yawanci sai an kai mutum biyu, kuma bayan faɗuwar rana kuɗin na ninkawa. Wannan ne ramin da kuɗin baƙo ke faɗawa. Ka haɗa kai da wasu, ka gama zirga-zirgarka kafin magariba.

Abin da ya sa duk wannan ɗawainiya ta cancanta shi ne cikin ruwan. Fitar rabin yini da tabaran ninƙaya da bututun numfashi tana kai ka inda kunkurun teku ke kiwon ciyawa a ƙasa, yana tasowa sama lokaci-lokaci ya shaƙi iska, da inda ƙananan kifayen shak masu baƙin tsini a fiffike ke zagayawa. Ko ba ka iya iyo ba, rigar ceto za ta riƙe ka a sama. Gwada tabaran kafin ka shiga: manna shi a fuska ba tare da igiya ba, ka ja numfashi ta hanci, in ya zauna to ruwa ba zai shiga ba. Sa riga mai dogon hannu, domin rana na ƙone baya da wuya ko fatarka baƙa ce. Kada ka taka murjani ko ka kama kunkuru don hoto. Wurin yana ƙarƙashin dokar gandun teku, an hana kamun kifi da ɗibar murjani a kewayensa, kuma abin da ƙafa ɗaya ta karya yakan ɗauki shekaru kafin ya sake tsirowa.

Lokacin zuwa daga Maris ne zuwa Oktoba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar damina na tayar da teku, yawancin masaukai suna rufewa, jirage su yi ƙaranci. Yuli da Agusta sun fi cunkoso da tsada, Afrilu, Mayu da Satumba sun fi dacewa da mai tattali. Jiragen komawa sukan tashi ne da ƙarfe 8 na safe, 12 na rana da 4 na yamma, kuma sai ka sanar da masaukinka tun jajibiri don a sa sunanka. In kana da jirgin sama a Kota Bharu a ranar, ɗauki na ƙarfe 8.