Bututun PPR a madadin tsohon bututun ƙarfe: inda ya yi kyau da inda yake ba da matsala

Bututun ƙarfe mai rufin tutiya, wanda masu aikin famfo ke kira GI, in ya kai shekara 40 zuwa 50 a jikin gida to ya ci lokacinsa, ko da daga waje yana nan garau. Daga ciki yake lalacewa. Ruwa na cinye tutiyar a hankali har ƙarfen ya fito fili, tsatsa ta riƙa taruwa curi-curi, ramin da asalinsa ya kai milimita 16 a bututun rabin inci ya tsuke har fensir ma da ƙyar zai shiga. Daga nan sai jan ruwa da safe, shawa ta koma tsiyaya da zarar an buɗe famfon kicin, fenti ya riƙa kumbura a gindin bango. Yoyon kuma kusan kullum a wajen zaren murɗawa na bakin bututu yake farawa, domin ranar da aka yanka zaren an kankare tutiyar wurin, an kuma rage kaurin ƙarfen.

Abin da aka fi kawowa a madadinsa yanzu shi ne PPR, bututun robar nan da ba a haɗa shi da gam ko zare, sai dai a narka bakinsa da injin zafi. Hukuncinmu a kansa shi ne ya cancanci a sa shi a tsohon gida. Ba ya tsatsa, cikinsa sumul yake, yana ɗaukar ruwan zafi da na sanyi, kuma mahaɗar da aka ƙona daidai ta zama jiki ɗaya da bututun, babu abin da zai kwance. Sai dai kaya ne da ke ɓoye kuskuren mai aiki fiye da kowane irin bututu, kuma yawancin ƙorafin da ake yi a kansa daga nan yake tasowa.

Kafin a sayi ko da mita ɗaya, a tabbatar da abin da ke cikin bangon. A kankare bututun da bakin sukudireba a kusa da inda ruwa ke shigowa gida, a kara masa maganaɗisu. In ya kama, ƙarfe ne. In launin ja ya fito kuma bai kama ba, jan ƙarfe ne, wanda sau da yawa gyara kawai yake bukata. In kuwa ya yi laushi, wurin da aka kankare ya yi ƙyalli kamar azurfa, maganaɗisu kuma bai kama ba, to dalma ce. Wannan babu zancen faci, cire shi za a yi gaba ɗaya, domin dalma guba ce a ruwan sha, musamman ga yara da masu juna biyu.

Kuskuren farko a wajen girma ake yin sa. PPR da faɗin waje a milimita ake kiransa: 20, 25, 32, 40, haka har sama. Mutane sun saba ɗaukar 20 a matsayin rabin inci, 25 kuma kashi uku cikin huɗu na inci, saboda zaren kawunansu ya yi daidai da haka. Amma bangon PPR na da kauri. Bututun 20 mai lambar juriyar matsi PN20 kaurin bangonsa milimita 3.4 ne, ramin da ya rage wa ruwa 13.2 ke nan. Idan aka kwatanta da sabon bututun ƙarfe na rabin inci, kusan kashi ɗaya cikin uku na hanyar ruwan ya tafi. Na 25 shi ne mai rami 16.6, na 32 kuma 21.2. Ma'ana, wanda zai maye gurbin rabin inci na gaskiya shi ne 25, wanda zai maye gurbin babban layi kuma 32. A gidan da ruwa ke zuwa da ƙarfin injin ba lallai a lura ba. A gidan da tankin sama ke ba shi ruwa kuwa abin a bayyane yake, domin tsayin mita 10 ne ke ba da matsin 'bar' ɗaya kacal ('bar' ma'aunin matsin ruwa ne), tankin da ke mita 4 sama da kan shawa bai kai rabin 'bar' ɗaya ba. Da irin wannan ƙarfi kowace milimita tana da daraja. Shawararmu ita ce 32 ko 40 daga tanki, 25 zuwa kowane banɗaki da kicin, 20 kuma sai ɗan guntun ƙarshe da ke shiga famfo ɗaya.

Lambar PN da ke jikin bututu matsin da zai jure ne da ruwa mai zafin digiri 20. Zafi na ƙaruwa, juriyar na sauka, a digiri 60 ta koma kusan rabi. Shi ya sa PN10 na ruwan sanyi ne kaɗai, layin hita kuma PN20 ko mai zaren gilashi a tsakiyar bangonsa. Bututun kirki za a ga an buga masa sunan kamfani, girma, kauri da lambar ma'auni, ISO 15874 ko DIN 8077 da 8078, a maimaice a tsawon jikinsa. A yanki ɗan guntu a duba bakin: kaurin ya zama ɗaya a duk zagayen. Wanda gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri, ko ya tsage a bakin almakashi maimakon ya yanku sumul, ba shi da inganci, a bar shi a inda aka gan shi.

Sai ƙonawar, wadda ita ce zuciyar aikin. Injin zai kai digiri 260, a bar shi ya ɗan zauna bayan fitilarsa ta nuna ya kai, kada a fara da ɗumin farko. A yanke bututu a miƙe da almakashinsa, ba da zarto ba, domin zarto na barin ɓurɓushi. A goge baki da cikin soket, wato kan haɗin da bututun ke shiga, su bushe ƙamas. Sannan a auna zurfin shiga a yi alama da fensir: milimita 14 ga bututun 20, kusan 15 ga na 25, 17 ga na 32. A tura bututu da soket cikin kawunan injin lokaci guda, ba tare da murɗawa ba, a fara ƙirge bayan sun kai ƙarshe: daƙiƙa 5 ga na 20, 7 ga na 25, 8 ga na 32, 12 ga na 40. A zare, a haɗa nan take cikin daƙiƙa 4 zuwa 6, a tura zuwa kan alamar a tsaya cak. A riƙe shi haka, kada a lanƙwasa ko a ɗora masa nauyi sai ya huce, minti 2 ga ƙanana, 4 ga na 32 da 40.

Mahaɗar da ta yi kyau za a ga zobe biyu na narkakkiyar roba sun haɗu a bakin soket, daidai wa daida a duk zagayen. Wadda ba ta sha zafi sosai ba takan riƙe na ɗan lokaci sannan ta fara gumi. Amma wadda ta fi ba mu tsoro ita ce wadda ta sha zafi fiye da kima, ko aka danna bututun ya wuce alama. Daga waje ba ta da aibi ko kaɗan, ba ta yoyo, gwajin matsi ma za ta ci shi. In aka tsaga ta biyu sai a ga robar ta naɗe ta yi leɓe a ciki, ramin milimita 13 ya koma kamar na tsinken tsintsiya biyu ko uku. Guda ɗaya irin wannan a bayan tayil ta isa ta kashe shawa, kuma babu hanyar gano wace ce sai an fasa. Don haka mai gida na da haƙƙin ya ce wa mai aiki ya ƙona guda biyu a gabansa kafin a fara, a leƙa cikinsu a hasken rana. Wanda ya san aikinsa ba zai ji haushin wannan ba. Haka kuma kada a gauraya bututun wani kamfani da soket na wani, ƙaramin bambancin awo na sa ɗaya ya yi sako-sako a kan injin.

Ɗigon ruwa ɗaya a cikin bututu lokacin ƙonawa yana zama tururi ya bar ƙofofi a cikin mahaɗar. A tsohon gida wannan na yawan faruwa, saboda tsohon bawul ba ya rufewa ruf. A canza babban bawul ɗin tun farko, a zuƙe layin, sannan a kunna inji.

PPR na miƙewa da zafi fiye da ƙarfe sau goma da wani abu. Kowace mita na ƙara milimita 0.15 a kan kowane digiri ɗaya, wato layin ruwan zafi mai mita 10 da ya tashi daga digiri 20 zuwa 60 zai ƙara santimita 6. In an ɗaure shi tamau a kan bango sai ya yi ta lanƙwasa kamar maciji, ƙarfin kuma ya taru a gwiwoyi. Mai zaren gilashi ya rage wannan zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma a ganinmu shi ya kamata a sa a duk layin zafi da ke fili. Maƙalai kada su wuce tazarar santimita 50 zuwa 60 a layin zafi na 20 da 25, kuma a bar bututun ya iya zamewa a cikinsu. Wanda za a binne a bango a sa masa rigar soso, musamman a gwiwa da ti mai baki uku, kafin a shafa siminti. Rana ma abokiyar gabarsa ce: wanda aka bari a fili yakan kode, fatarsa ta yi gari, daga baya ya tsage. A rufe shi ko a shafe shi da fenti.

Kawunan da ke da zaren tagulla a cikin roba su ne wuri mafi rauni a duk tsarin. Farin tef zagaye 8 zuwa 10 ya isa, a ɗaura da hannu, a ƙara kaɗan da sifana. In aka danne shi da babbar sifanar bututu, tagullar kan tsage ko ta juya a cikin robar, kuma wannan ba ya gyaruwa. A bakin hita a sa yuniyon, wato mahaɗar da ake iya kwancewa, da ɗan guntun tiyo na ƙarfe, kada robar ta manne da jikin hitar. Inda kuma aka bar tsohon jan ƙarfe a layin ruwan zafi mai zagayawa, ɓurɓushinsa da ke narkewa a ruwa yana saurin tsufar da PPR ɗin da ke gabansa, gara a raba su.

Game da faci, wato a yanke mita ɗaya da ta ɓule a sa PPR a bar sauran ƙarfen, ba mu goyon baya sai don a samu ruwa kafin babban aiki. Murɗa tsohon zare na girgiza tsatsar da ke toshe wasu ƙananan ramuka a gaba, bayan mako biyu sai wani wurin ya buɗe, ɓarɓashin kuma ya bi ruwa ya toshe kan shawa da bawul ɗin tankin masai. In kuɗi ba su kai a yi gaba ɗaya ba, a yi layi-layi, kowane layi daga tushensa har bakin famfo, a fara da na ruwan zafi domin shi ke riga lalacewa. Ba dole ne a tono tsohon bututun daga bango ba. A yanke shi, a zubar da ruwan ciki, a toshe, a bi sabuwar hanya mafi gajarta.

Akwai haɗari ɗaya da masu aikin famfo kan manta. A tsofaffin gidaje da yawa wayar kariya da ke sauke wutar lantarki ƙasa a jikin bututun ƙarfe aka ɗaure ta. Roba ba ta ɗaukar wuta, don haka ranar da aka yanke ƙarfen gidan ya rasa wannan kariya ba tare da kowa ya sani ba, hita mai matsala kuma na iya sa wuta a jikin famfo. A kira mai gyaran wuta ya duba ya kafa sandar ƙasa ta daban kafin a yanke.

Kada a yarda a rufe bango sai an yi gwaji. A toshe duk bakuna, a cika layin da ruwa, a fitar da iska ta bakin da ya fi tsayi, a ɗaga matsi da famfon gwaji na hannu zuwa ninki ɗaya da rabi na matsin aiki, galibi 'bar' 10 a gida. Allurar za ta ɗan sauka da farko saboda robar na buɗewa, a ƙara a mayar, sannan a sa ido aƙalla awa 2 ana bin kowace mahaɗa da busasshiyar takarda. Bayan haka a yi gwajin da ke tona mahaɗar da ta toshe: a tara bokitin lita 10 a kowane famfo a duba agogo. Famfo biyu masu girma ɗaya a hawa ɗaya bai kamata ɗaya ya ninka ɗaya a lokaci ba. Sannan a ɗauki hoton kowane bango da tef ɗin awo a jikinsa kafin filasta, a ajiye. In duk da haka wata rana ƙusa ta huda shi, akwai sandar faci ta PPR mai kauri milimita 7 da 11 da ake narkawa a toshe ramin, tayil ɗaya kawai za a cire.