Furen anchan: launinsa na saya, kuma launin na da sharaɗi

Busasshen furen anchan da na saya ta intanet ya zo cikin 'yar leda, sakayau, kamar busasshen zoɓo sai dai shi shuɗi ne. Anchan ake ce masa a Tailan, a Malesiya kuma bunga telang. Tsiro ne mai yaɗo daga dangin wake, kuma mutanen can sun daɗe suna rina abinci da shi. Shuɗiyar shinkafar nan ta jihar Kelantan, nasi kerabu, da ruwansa ake dafa ta.

Kaɗan ake jiƙawa a ruwan zafi, kafin minti 10 ruwan ya rine sosai. Na tace na dafa farar shinkafa da shi, ta fito shuɗiya gwanin sha'awa, har maigida ya ƙi kai loma sai da ya ga na ci. A madara ma ya yi kyau, shuɗi mai haske. Ɗanɗano kam babu, sai ɗan warin ɗanyen wake idan an cika shi. Wadda ke neman ƙamshi ta haɗa da citta ko na'a-na'a.

Inda ya kamata a kula shi ne tsami. Sinadarin launinsa, antosayanin, dangi ɗaya ne da mai sa zoɓo ja, kuma yanayin ruwa yake bi. Da an matsa lemon tsami sai ya koma shunayya, a ƙara kuma ya doshi ruwan hoda. Yara sun so wannan, sai rigimar wa zai matsa suke. Amma ke nan ba za ki samu shuɗin kunun tsamiya ko shuɗin farin zoɓo ba, kuma nono ma sauya shi yake. Kanwa kuwa kore take mayar da shi. A kek bai burge ni ba sam: gwaiduwar ƙwai ta dagula launin, ya fito wani kore-kore mai toka-toka, abin da ba zan kai gidan biki ba.

Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ruwansa a matsayin launin abinci a 2021, wannan ya kwantar mini da hankali. Tallan da masu sayarwa ke yi na cewa maganin kaza ne da kaza, ban sa shi a lissafi ba.

Ya fi kalar kwalba tsada nesa, don haka na ware shi don shinkafar baƙi da lemon sallah. A rufe shi a gwangwani, nesa da rana da danshi.