Super Mega Baseball 4: gem ɗin besbol da uba da yara za su buga tare

Yaran da suka taso da gem ɗin ƙwallon ƙafa ba sa buƙatar bayani kafin su ɗauki hannun gem, don sun san raga, sun san gola. Besbol ba haka yake ba. Wasa ne na Amurka da Japan da Kuba da Jamhuriyar Dominika, kuma yaron da bai taɓa kallonsa ba zai iya gajiya cikin minti goma idan aka sa shi a gaban gem mai tsauri. Abin da ya sa Super Mega Baseball 4 ya cancanci a saya wa gida shi ne ya warware wannan matsala da saiti guda ɗaya, wanda aka raɗa wa suna Ego.

Kamfanin Metalhead Software da ke birnin Biktoriya a Kanada ne ya ƙera shi. Na farko a jerin ya fito a 2014, kamfanin gem na EA ya saye shi a 2021, wannan na huɗun kuma ya fito ranar 2 ga Yuni, 2023, a kan PlayStation 4 da 5, da Xbox One da Series, da Nintendo Switch, da kwamfuta ta kasuwar gem ta Steam. 'Yan wasan zanen barkwanci ne masu faɗin ƙirji da manyan damatsa, maza da mata a ƙungiya ɗaya, amma tafiyar ƙwallon da ƙa'idojin duk na gaske ne.

Ego ma'aunin wahala ne da ke tashi daki-daki har 99. Idan yana ƙasa, da'irar da mai duka, wato mai dukan ƙwallo da sanda, ke saitawa tana bin ƙwallon da kanta, jifa yana zuwa a hankali, masu tsaron fili kuma suna ruga wa ƙwallo ba sai an tura su ba. Yaro ɗan shekara shida aikinsa kawai ya danna maɓalli a kan lokaci. Idan aka ɗaga shi, taimakon yana janyewa kaɗan-kaɗan har komai ya dawo hannun mai wasa. Abin da ya fi burge ni shi ne kowa da nasa: uba zai iya zama a 50, babbar 'ya a 25, ƙaramin a 5, a wasa ɗaya, kuma a fafata da gaske ba tare da babba ya yi ta sakaci da gangan ba. Yara suna gane lokacin da ake bar musu, kuma ba sa so. Ana kuma iya raba Ego ɗin gida huɗu, wato duka, jifa, tsaron fili da gudu, ta yadda yaron da ya iya duka amma gudu ke rikita shi za a sauƙaƙa masa gudun kaɗai.

Ga yadda ya fi dacewa a fara. Kada a buɗe da karawa tsakanin yara biyu. A haɗu a ƙungiya ɗaya a fuskanci kwamfuta, a rage zagaye daga 9 na asali zuwa kaɗan, domin cikakken wasa ya yi wa ƙaramin yaro tsawo. A ranar farko ƙa'idoji uku sun isa: kuskuren duka uku, ka fita, jifa huɗu da suka kauce wa akwatin duka (wurin da jifa ya kamata ya bi a gaban mai duka), ka tafi tasha ta farko kyauta (tashoshi su ne wuraren tsayawa da mai gudu ke bi a fili), mutum uku suka fita, a yi musanya, masu duka su koma jifa da tsaron fili. Maki ba ya samuwa sai mutum ya zagaye tashoshi uku ya dawo gida, wato wurin da ya yi dukan. Sauran a bari wasan ya kawo su da kansa.

Wurin da ake yawan samun kuka shi ne ƙwallon da aka doka sama. Yaro zai ga ta yi nisa, ya tura duk masu gudunsa gaba, sai mai tsaro ya cafke ta kafin ta taɓa ƙasa. A ƙa'ida mai dukan ya fita, kuma dole masu gudu su koma tashar da suka baro, in ba haka ba a jefa ƙwallon can a fitar da su su ma. Duka ɗaya, mutum biyu sun tafi, yaro bai san dalili ba. Gem ɗin ba ya tsayawa ya yi wannan bayani yadda yaro zai gane, kuma wannan rauninsa ne na gaske. Maganin shi ne babba ya riƙe gudu a wasannin farko, yana faɗa da baki, "jira, jira, bari ta faɗi tukuna," har kunnen yaron ya saba.

Jifa zuwa tasha yana da sauƙin koyarwa, don maɓallai huɗun da ke dama a hannun gem sun jeru kamar filin kansa: na dama tasha ta farko, na sama ta biyu, na hagu ta uku, na ƙasa gida. A zana wannan a takarda a ajiye gaban talabijin. Wajen duka kuwa akwai na taɓawa da na ƙarfi. Na ƙarfi sai an danne maɓalli an saki daidai lokaci, kuma duk yaro shi yake so, don shi ke fitar da ƙwallo waje da fili. A hana shi tukuna. Wanda ya fara da na ƙarfi iska zai yi ta duka, ya fita sau uku a jere, ya ajiye hannun ya tafi.

Akwai kuma abin da ake kira Mojo, wato ƙarfin gwiwar ɗan wasa, wanda ke hawa idan yana yin kyau, ya faɗi idan yana kuskure. Mai jifa yana gajiya, saitinsa ya fara kaucewa. Idan yaro ya ce hannun gem ya lalace saboda jifansa ya daina zuwa inda ya nufa, a duba ma'aunin gajiyar mai jifan a canza shi.

Sashen gyara ƙungiya yana cinye lokacin yara fiye da wasan kansa wani lokaci. Za su iya canza sunan ƙungiya, launin riga, tambari da kamannin kowane ɗan wasa, su sa sunayen 'yan gidan. Akwai tsoffin taurari sama da 200, ciki har da Babe Ruth da Hank Aaron da David Ortiz, sai dai ga yaron da bai san tarihinsu ba sunaye ne kawai. Babu ƙungiyoyin babbar gasar Amurka irin su Yankees da Dodgers. Mai neman waɗannan sai ya nufi gem ɗin MLB The Show, wanda ya fi nauyi ga ƙananan yara.

Iyaye su san abu biyu. Rubutun allon zaɓi ba da Hausa yake ba, kuma yana da yawa, saboda haka sai babba ya saita komai kafin a miƙa hannu. Sannan ƙwallo kan dawo ta buge mai jifa ya faɗi warwas, an yi shi ne don dariya, babu jini. Mutum huɗu za su iya bugawa a allo ɗaya, biyu da biyu, kowa da hannunsa. A bar sashen intanet a rufe ga ƙanana, kuma a ɗaga musu Ego da maki 3 zuwa 5 ne kawai bayan sun ci wasa biyu ko uku a jere.