Kwarangwal ɗin kafaɗa na roba, ya yi amma da saura

Gaskiya don karatu wannan kwarangwal ɗin roba ya yi, allon kafaɗa da ƙashin damtse duk sun fito fes, kana gani za ka gane dalilin da ya sa kafaɗa ke saurin gocewa, kan ƙashin ƙato ne ramin da yake zaune kuma ɗan mitsitsi, tsokoki 4 ne ke riƙe shi. Inda suka kwafsa shi ne sun ɗaure allon da sukuru baya motsi sam, alhali in ka ɗaga hannu sama digiri 180, kusan 60 allon ne ke juyawa a bayan haƙarƙari. To ɗalibi ya zai ga wannan? Gindin kwarangwal ɗin ma rawa yake, sai ka dafe.