Majigi da laftop, ko wayoyi huɗu?

Malama, kin tambaya wanne za ki saya wa ƙungiyar ɗalibanki masu fafutukar a yashe kwatocin unguwa kafin damina, majigi da laftop ko wayoyin hannu. Ki sayi wayoyin.

Majigi yana da ranarsa, wato taron iyaye da malamai, kuma wannan ana iya aro. Majigi mai ƙwan fitila yana shan wat 200 zuwa 300, dole sai da janareta. Idan haskensa bai kai ANSI lumen (ma'aunin hasken majigi) 3,000 ba, 'yan bencin baya ba abin da za su gani a ajin da rana ke shigowa ta taga.

Waya kuwa fita take yi da yaro zuwa inda matsalar take. Guda huɗu na Android masu RAM 3GB ko 4GB da ma'aji 64GB sun ishi ɗalibai 20, biyar biyar. Ki sa musu KoboCollect, manhajar tattara bayanai ta hanyar cika fom a waya, kyauta ce. Fom ɗin kina haɗa shi a shafin KoboToolbox, da Hausa, kuma kada tambayoyin su wuce biyar: wurin ta GPS, hoto, abin da ya toshe kwatar, tun yaushe, gida nawa ruwan ke shiga. Sau ɗaya za a sauke fom da data, daga nan ana cika shi ko babu sabis, a tura idan an dawo makaranta. Layi ɗaya ya isa, sauran ukun su sha intanet daga gare shi. Yarinya 'yar aji uku za ta tsaya bakin kwalbati a Ƙofar Marusa, ta ɗauki hoton ledojin ruwa da suka cushe bakinsa, ƙawarta na tambayar dattijon da ke zaune a dakali yaushe rabon a yashe. Wannan amsar ba ta cikin littafin kowa, su suka samo ta, shi ya sa ba sa jin nauyin maimaita ta a gaban manya.

Bayan fita uku ko huɗu, shafin zai jera wuraren a taswira. Ki buga ta a takarda da hotuna kamar goma, ɗaliban su rubuta wasiƙa da hannunsu, a bi ta shugaban makaranta da kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, zuwa mai unguwa da kansila. Takarda a hannun mai unguwa ta fi saƙon WhatsApp nauyi nesa ba kusa ba. Wanda ya tuna ambaliyar Jibiya ta 2018 ba zai ce maganar magudanar ruwa wasan yara ba ce.

Inda aikin ke lalacewa: GPS a ƙarƙashin rumfar kwano ƙarya yake yi, su fito fili su jira har kuskuren ya sauko ƙasa da mita 10. Ki rage girman hoto a saitin manhajar, in ba haka ba data ta ƙare a rana guda. Fuskar mutum da ƙofar gidan wani kada su shiga hoto, rigima daga nan take tashi. Ki karɓi izinin iyaye a rubuce, domin dokar kare bayanai ta 2023 ta buƙaci hakan kan bayanan yara. Ba sunan jam'iyya, ba zagin kowa, kuma ba fita wajen gari, malami na tare da kowane rukuni. Wayoyin su riƙa kwana a ofis.

Sai ki yi hattara a kasuwa. Ki danna *#06# a gaban mai shago, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar da za ta fito, ta yi daidai da ta jikin kwali. Wayar da aka ce ta hannu ce daga Ingila, ki duba ko bayanta ya kumbura, alamar batirin ya gama. Fawa bank mai rubutun 50,000mAh a farashin banza ki bar masa kayansa, wasu yashi ake cusa musu don su yi nauyi. Ki ɗauki 20,000mAh guda biyu na kamfanin da aka sani, a gwada caji a shagon, a rubuta miki rasit mai lambar kowace waya.