Ciao, Ribon ko Nakayoshi: wacce ta dace da 'yar shekara takwas?

'Yar'uwa, kin ce kuna zaune a Japan, 'yarki mai shekara takwas ta shiga firamare, kullum sai ta ja ki wajen mujallun nan masu kauri na labaran zane na 'yan mata a kanti, ke kuwa duk kama suke miki. Gaskiyarki, bangon ne iri ɗaya: manyan idanu da launin hoda. Duka ukun wata-wata suke fitowa, takardarsu mai arha ce, kuma daga dama ake buɗe su kamar littafin Larabci. Bambancin yana ciki.

Nakayoshi ce babbar yaya. Kamfanin Kodansha ya fara ta a ƙarshen 1954, sunanta na nufin aminan juna. A nan aka buga labaran Candy Candy a 1975, da Sailor Moon, da Cardcaptor Sakura a 1996. An fi saninta da labarin yarinyar da ta samu wani ikon tsafi tana yaƙar mugaye. In harkar sihiri ba ta kwanta miki a rai ko da a tatsuniya, kin san inda za ki tsaya.

Ribon ta kamfanin Shueisha ce, ta biyo baya a 1955. Ta yi zamaninta, domin a 1994 ta kai kwafi miliyan 2.55 a fitowa guda. Abin da ya fi yawa a cikinta soyayyar 'yan makaranta ne: wane ya kalli wance, wance ta kasa barci. Amma fa a nan ne Chibi Maruko-chan ya fara a 1986, labarin wata 'yar aji uku mai son jiki da kakanta mai biye mata, kuma ni a ganina kaf tarihin mujallar ba abin da ya kai shi daɗi. Ga 'yar takwas dai, Ribon ta yi mata gaba kaɗan.

Ciao ce auta, ta Shogakukan, 1977. Ita ta fi dosar 'yan firamare, kuma tun farkon shekarun 2000 ta shige gaban yayyenta a ciniki. Akwai barkwanci, dabbobi, 'yan mata masu burin zama mawaƙa. Sai dai kada ki saki jiki: a cikinta aka buga 12-sai daga 2012, labarin 'yan aji shida da ya taɓo fara al'ada da son farko. Ba batsa ba ce, amma gara ki riga ta gani.

Yanzu ga abin da nake zargin yana jan 'yarki: furoku, wato kyautar da ake haɗowa da kowace fitowa, 'yar jaka ko alƙalami ko sitika. Yara da yawa kyautar suke saye, mujallar ta zo a gyara. Ki tambaye ta, za ki sha dariya.

Ni Ciao zan ɗauka. Ana rubuta furigana, ƙananan baƙaƙen da ke nuna yadda ake furta kanji (baƙaƙen rubutun Japan masu wuyar karantawa), a gefen kalmomi, kamar wasali a kan rubutun allo, don haka karatunta zai ƙaru. Ki sayi fitowa ɗaya, ki bi hotunan shafi-shafi da daddare kafin ki miƙa mata.