Defender, ESET ko Avast: amsa ga ɗan'uwanmu na Nima

Salamu alaikum jama'a. Ɗan'uwan da ya ce ya sayi laptop na hannu mai RAM 8GB a Circle, wato kasuwar waya da kwamfuta ta Accra, yana buga eFootball da GTA V, yana neman antivirus ɗin da ba zai sa gem ya dinga cijewa ba, to ga yadda nake ganin su ukun nan.

Microsoft Defender dai yana nan cikin Windows 10 da 11 tun asali, ko sidi ɗaya ba za ka biya ba, kuma tsaronsa ba laifi. Inda yake da nauyi shi ne lokacin da kake install ɗin babban gem ko kana kwafo fayil masu yawa, in ka buɗe Task Manager za ka ga wani abu wai shi Antimalware Service Executable yana ta cin disk, to shi ne wannan. Maganinsa ka shiga Windows Security, Virus & threat protection, Manage settings, ka gangara Exclusions ka sa folda ɗin gem ɗinka, shikenan ya daina leƙa ta. Amma fa wannan sai gem ɗin da ka sauke daga Steam ko makamancinsa, in kirak ne, wato gem ɗin da aka fasa don a buga ba biya, da wani ya zuba maka a flash to kar ka kuskura, don a cikin irinsu ake cusa bairos ɗin da ke kwashe password, kai da kanka ka buɗe wa ɓarawo ƙofa kenan.

ESET kuma na kuɗi ne, duk shekara ake sabuntawa, kamfanin Slovakia ne. Abin da ya fi Defender da shi a harkarmu shi ne Gamer mode, da zarar gem ya cika fuskar allo sai ya dakatar da saƙonnin da ke faɗowa da scan ɗin da aka tsara, tsaron kuma na ci gaba a bayan fage. Mara nauyi ne gaskiya, in akwai hali shi zan ce ka saya.

Avast na kyauta shi ma yana da Do Not Disturb mode, sai dai tallar "sayi babban" ba ta ƙarewa. Sannan a 2024 hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye a Amurka ta ci su tarar dala miliyan 16.5 kan sayar da bayanan browsing na mutane ta wani kamfaninsu Jumpshot, ni wannan kaɗai ya ishe ni.

Amma chale bari in faɗa maka, a cikinsu babu wanda zai cinye maka FPS (yawan hotunan da gem ke nunawa a sakan ɗaya) sosai, yawanci a loading ake jin bambancin. Abin da ke kashe laptop ɗin Circle shi ne antivirus biyu a tare, wani tsohon McAfee da ya zo da na'urar ga Avast an ɗora a kai, kowa na binciken abin da ɗan'uwansa ya taɓa. Shiga Settings, Apps ka cire su duka ka yi restart, Defender zai kunna kansa.

Bayan nan ka duba Performance a Task Manager, in ka ga HDD (tsohon nau'in disk mai jinkiri) aka rubuta a gefen disk ɗinka to kuɗin ESET ɗin ma ka fara sayen SSD, wato disk mai sauri, da su tukun.